Zauren da Hakeem Olajuwon ya yi tashe a ciki, da yadda aka sauya wa zauren suna

Duk mai bibiyar ƙwallon kwando a Najeriya ya san Hakeem Olajuwon, ko da bai taɓa ganin wasansa ba ya ji labari. Amma kaɗan ne suka san ɗakin da ya fara yin suna a ciki, wani zaure ne a jami'ar Houston da ke jihar Texas ta Amurka, a da ana ce masa Hofheinz Pavilion yanzu kuma Fertitta Center. Gini ɗaya ne, wuri ɗaya, suna biyu, kuma tsakanin sunayen nan biyu akwai shekara kusan hamsin na tashe da faɗuwa da shari'a a kotu. Ni dai tun da na fara bin labarin wurin nan abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda kuɗi ke raya gini ya kuma kashe shi, da kuma tambayar wa ya kamata a tuna da shi idan an zo raɗa wa wuri suna, wanda ya ba da kuɗi ko wanda ya zubar da gumi.

Kafin a je ko'ina sai an gane cewa wasannin jami'a a Amurka ba irin namu na NUGA, gasar jami'o'in Najeriya, ba ne da ake haɗuwa a yi mako biyu a watse. Can kasuwa ce babba, ana sayar da tikiti, gidajen talabijin na biyan miliyoyin daloli don su nuna, koci na iya fin shugaban jami'a albashi. Shi ya sa jami'a kan gina ɗakin wasa mai cin mutum dubu goma ko fiye, kuma ba don wasa kaɗai ba, nan ake bikin yaye ɗalibai, nan mawaƙa ke zuwa, nan ake manyan taruka.

To ita jami'ar Houston ba ta taso da gata ba. A 1927 aka kafa ta a matsayin ƙaramar kwaleji, sai a 1963 ta koma hannun gwamnatin jiha, kuma yawancin ɗalibanta 'yan jeka-ka-dawo ne, suna zaune a gida suna aiki suna karatu. Ƙungiyarta ta ƙwallon kwando, Cougars, ta yi shekaru ba ta da ɗakin kanta, aron ɗakunan wasa na makarantun sakandaren birnin take yi irin su Jeppesen da Delmar. Wanda ya sauya wannan labarin shi ne kocinsu Guy Lewis, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1956. A 1964, lokacin da yawancin manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa saka baƙar fata a ƙungiyoyinsu, Lewis ya je jihar Louisiana ya ɗauko yara biyu baƙaƙe, Elvin Hayes da Don Chaney. Wannan ba ƙaramar ƙarfin hali ba ce a Texas ta wancan zamani, kuma nan da nan ƙungiyar ta zama abin tsoro.

Sai ranar 20 ga Janairun 1968 ta zo. Lewis ne ya matsa a kan a gayyato UCLA, jami'ar California da ke Los Angeles, zakarun ƙasa da suka yi wasa 47 a jere ba a doke su ba, masu dogon nan Lew Alcindor wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Kuma ya ce ba a ƙaramin ɗaki za a yi ba, a Astrodome za a yi, katafaren filin nan mai rufi da aka buɗe a 1965 don wasan besbol. Aka shimfiɗa daɓen katako a tsakiyar fili, 'yan kallo na can nesa kamar masu hangen tururuwa, amma duk da haka mutum 52,693 suka shiga, aka kuma nuna wasan kai tsaye a talabijin a faɗin ƙasar da daddare, abin da ba a taɓa yi wa wasan jami'a na tsakiyar kaka ba. Houston ta ci 71 da 69, Hayes shi kaɗai ya zuba maki 39. Gaskiya Alcindor na fama da ciwon ido a ranar, kuma da suka sake haɗuwa a watan Maris UCLA ta rama da 101 da 69, amma dai an riga an ga abin da ake son gani, wato ƙwallon kwandon jami'a na iya tara jama'a kamar hajji kuma talabijin za ta biya.

Ƙungiyar da ta tara mutum dubu hamsin ai ba za ta ci gaba da wasa a ɗakin 'yan sakandare ba. Nan ne Roy Hofheinz ya shigo labarin. Mutumin nan tun yana matashi ya riƙe muƙamin alƙalin gundumar Harris, shi ya sa har ya mutu ana ce masa alƙali, ya yi magajin garin Houston a tsakiyar shekarun 1950, kuma shi ne ya tsaya kai da fata har aka gina Astrodome ɗin. Ya ba jami'ar dala miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 4.2 da ginin ya ci, aka sa wa zauren sunan gidansa don tunawa da shi da matarsa Irene da ake kira Dene wadda ta rasu a 1966. Ranar 1 ga Disamban 1969 aka buɗe, yana ɗaukar mutum wajen dubu goma.

Ginin kansa ba irin dogayen nan masu hawa-hawa ba ne. An haƙa shi ne cikin ƙasa kamar akushi, ka shigo ta sama ka gangara zuwa kujerarka, ba bene, rufin kuma a ƙasa-ƙasa yake, don haka idan aka cika aka fara ihu ƙarar ba ta da inda za ta je sai ta dawo kan 'yan wasa. Baƙi ba sa son irin wannan ɗaki sam. Abin da ya ba ni tausayi kaɗan shi ne Hayes, wanda tashensa ya jawo ginin, bai taɓa wasa a ciki a matsayin ɗalibi ba don ya gama a 1968. Sai da kulob ɗin Rockets na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya taso daga San Diego ya dawo Houston a 1971 ba shi da ɗakinsa, ya yi haya a Hofheinz har zuwa 1975 da aka gama masa The Summit, sannan Hayes ya taka daɓen a rigar Rockets na kaka ɗaya kafin su sayar da shi.

A shekarun nan na 1970 zauren ya zama wurin taron gari, ba na jami'a kaɗai ba. Elvis Presley ya yi waƙa a ciki a 1971, Rolling Stones a 1972, ga wasannin NBA ga na ɗalibai ga bikin yaye. Dalili kuwa a fili yake, birnin na ta bunƙasa da kuɗin man fetur amma ba shi da wani ɗaki na zamani mai matsakaicin girma, Astrodome ya yi yawa, tsofaffin ɗakunan cikin gari sun tsufa. Da The Summit ya buɗe sai manyan mawaƙa da Rockets suka koma can, kuma wannan ita ce ɓarakar farko da mutane ba su lura da ita ba saboda ƙungiyar jami'ar na kan ganiyarta.

Yanzu ga namu. An haifi Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairun 1963, kuma yana yaro gola yake tsarewa a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu. Makarantarsa, Muslim Teachers College, ta je gasar wasannin makarantun horar da malamai a Sakkwato, shi yana cikin tawagar ƙwallon hannu, sai aka roƙi a bar shi ya buga wa 'yan ƙwallon kwando saboda tsawonsa. Ka ji fa, Sakkwato na cikin farkon labarin mutumin da ake lissafawa cikin manyan 'yan wasan duniya, kuma yana da wajen shekara 15 a lokacin, shekarun da yaran Amurka sun riga sun yi goma suna dirka ƙwallo. A 1980 ya sauka a Houston, babu wanda ya je tarbarsa a filin jirgi, da ya buga waya aka ce masa ya hau tasi ya taho, don kociyoyin sun sha jin labarin dogayen yara daga ƙasashen waje da idan sun iso sai a ga ba haka ba.

Shekarar farko bai buga ba. Ta biyu yana shigowa daga benci. Abin da ya gyara shi shi ne hutun bazara da ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde yana gwabzawa da Moses Malone, gwarzon Rockets na lokacin, wanda ba ya raga wa kowa. Da ya dawo sai ya zama wani abu daban. Ga Clyde Drexler ɗan garin Houston, ga Michael Young, ga Larry Micheaux, yara masu tsalle kamar an sa musu sifirin. A tuna cewa hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta haramta danƙara ƙwallo cikin kwando daga sama tun 1967 har zuwa 1976, kuma tsofaffin kociyoyi da yawa na kallon abin a matsayin burga da rashin tarbiyya. Lewis shi kam ra'ayinsa shi ne babu jifan da ya fi wannan tabbas, don haka ya ce wa yaransa su danƙara iya son ransu. A farkon 1983 wani marubucin wasanni na jaridar Houston Post, Thomas Bonk, ya laƙaba musu Phi Slama Jama, yana kwaikwayon sunayen ƙungiyoyin ɗalibai na can masu haruffan Girka, sunan ya bi su har yau.

Sau uku a jere suka kai zagayen 'yan huɗun ƙarshe na ƙasa, 1982 da 1983 da 1984, kuma ba su ɗauki kofin ko sau ɗaya ba. Na 1983 ne ya fi ciwo, sun zo da nasara 26 a jere kowa ya gama ba su kofi, sai North Carolina State ta ci su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, wani jifa ne ya gaza kaiwa kwando Lorenzo Charles ya cafe ya danƙara, wato da makaminsu aka yanka su. Duk da haka Olajuwon aka ba gwarzon gasar alhali ƙungiyarsa ce ta sha kashi. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. A shekarar, a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, Rockets suka ɗauki Olajuwon a matsayin na ɗaya, aka ɗauki Michael Jordan na uku, Olajuwon ya kuma kawo wa birnin kofin NBA a 1994 da 1995, yana azumin Ramadan yana buga wasa, abin da Musulmi da dama har yau ke alfahari da shi. Wallahi duk sanda na kalli tsofaffin bidiyonsa a YouTube yadda yake juya ƙafa yana rikita mai tsaronsa sai in ga golan Legas ɗin nan bai bar jikinsa ba.

Ga abin da nake so a riƙe a nan. Duk cikar da zauren ya riƙa yi, duk tikitin da aka sayar da riguna masu ɗauke da Phi Slama Jama, yaran nan ba a biya su albashi ba, abin da suka samu shi ne karatu da abinci da makwanci kyauta, don dokar NCAA ta lokacin ta hana ɗan wasan jami'a karɓar kuɗi. Karatu kyauta ba ƙaramin abu ba ne, ban raina ba, amma idan aka auna da abin da suka jawo wa makarantar ai tazarar ta yi yawa.

Daga nan sai gangara. Lewis ya yi ritaya a 1986 da nasara 592. Mutane kan ɗora laifin faɗuwar a kan tafiyarsa, amma ni a ganina babban abin ya faru ne a wajen ɗakin, a teburin rabon kuɗin talabijin. A 1984 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa NCAA ba ta da ikon riƙe cinikin nuna wasannin ƙwallon Amurka ita kaɗai, don haka kowane rukunin jami'o'i ya je ya nemo kwangilarsa. Rukunin da Houston ke ciki, Southwest Conference, kusan duk jami'o'in Texas ne, kasuwarsa jiha ɗaya, gidajen talabijin kuwa masu kallo da yawa suke so. Arkansas ta fice, sannan a 1994 rukunin Big Eight ya gayyaci Texas da Texas A&M da Texas Tech da Baylor suka kafa Big 12, aka bar Houston da Rice da SMU da TCU a tsaye. A 1996 rukunin ya mutu murus. Houston ta faɗa Conference USA inda kuɗi kaɗan ne kuma abokan karawar ba waɗanda mutanen gari suka damu da su ba ne.

Kuma abu ne mai jan juna. Babu kuɗin talabijin ba a gyara ɗaki, yaro mai hazaƙa ya zo ziyara ya ga ɗaki ya tsufa ya wuce wata jami'ar, ƙungiya ta riƙa shan kashi, 'yan kallo su daina zuwa, su kuma ɗaliban da ma da an tashi aji gida suke nufa ko wurin aiki. An yi ƙoƙari, a 1995 aka sa wa daɓen sunan Guy Lewis, a 1998 aka yi kwaskwarima aka saka ɗakunan alfarma na masu kuɗi kujeru suka ragu zuwa 8,479, aka kuma ɗauko Drexler ya zama koci don a jawo jama'a, ya yi kaka biyu ya ajiye. Daga 1984 har 2018, shekara 34, Houston ba ta ci ko wasa ɗaya a babbar gasar NCAA ba. Ɗakin da aka gina don ihu ya koma ana jin ƙarar takalmin 'yan wasa daga kujerar ƙarshe.

Farfaɗowar ta fara ne da shugabar jami'ar Renu Khator, 'yar asalin Indiya, da ta zo a 2008 da niyyar sai makarantar ta shiga sahun manya, kuma ta san a Amurka wasanni na cikin hanyar. A 2012 ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a ƙara musu dala 45 a kowane zangon karatu don a gina sabon filin ƙwallon Amurka a kuma gyara Hofheinz. A 2014 aka ɗauko Kelvin Sampson, koci mai ƙwarewa da NCAA ta taɓa hukuntawa kan karya dokar buga wa yaran da ake son ɗauka waya, yana mataimaki a Rockets a lokacin, shi kuma ya nace sai an gina wurin atisaye na zamani an gyara zauren. Sai a 2016 Tilman Fertitta, attajirin da ya mallaki kamfanin gidajen abinci na Landry's, ya ba da dala miliyan 20 cikin aikin da zai ci miliyan 60, aka ce za a sa sunansa.

Nan rigima ta tashi. Iyalan Hofheinz, cikinsu har da ɗansa Fred wanda shi ma ya yi magajin garin Houston, suka garzaya kotu suka ce mahaifinsu, wanda ya rasu a 1982, ya ba da kuɗinsa ne bisa sharaɗin sunan zai zauna, ba wai na ɗan lokaci ba. Ita kuma jami'a tana ganin gini na rubewa, ga mai miliyan 20 a bakin ƙofa, kuma a shekarar take ta zawarcin shiga Big 12. A ƙarshe suka sasanta a cikin 2016 ɗin, aka yarda za a yi wani dandali a gefen zauren da mutum-mutumin Roy Hofheinz na tagulla a kuma adana takardunsa, sunan ginin kuma ya koma Fertitta.

Na daɗe ina juya wannan magana. Alkawari kaya ne, kuma mamaci ba ya iya tashi ya kare nasa, wannan ya sa nake tare da iyalan da suka ƙi yin shiru. Miliyan 1.5 a 1969 ya haura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ginin, miliyan 20 a 2016 shi ma kashi ɗaya cikin uku ne na gyaran, ka ga ba wai na biyun ya fi na farkon ƙoƙari ba ne, zamani ne kawai ya sauya. Kuma Fertitta shi ne shugaban majalisar gudanarwar jami'ar a lokacin, ban ce ya yi wani abu ba daidai ba, kuɗinsa ya ciro ya bayar, amma dai abu ne da ya kamata a faɗa. A ɗaya ɓangaren kuma ba zan yi ƙarya ba, da an riƙe sunan an rasa kuɗin wataƙila da yanzu an rushe ɗakin gaba ɗaya, sunan ya tafi tare da shi. Abin da ya fi damuna ma ba su biyun ba ne, ɗaliban nan ne masu aiki da karatu da aka riƙa cirar dala 45 a jikinsu zango bayan zango, su ma sun biya, amma ba wanda ya kawo zancen sunansu.

An buga wasan ƙarshe a tsohon ɗakin a Maris 2017, ƙungiyar ta yi kaka ɗaya tana aron ɗakin maƙwabciyarta Texas Southern, jami'ar baƙar fata da ke unguwa ɗaya da su, Third Ward, kuma a wannan kakar ta gudun hijira ne suka karya ƙofar shekara 34 ɗin nan suka ci San Diego State. Ranar 1 ga Disamban 2018, shekara 49 cif da buɗewar farko, aka sake buɗewa suka doke Oregon 65 da 61. An bar gangar jikin ginin da rufin nan mai ƙasa-ƙasa, aka fasa ciki aka sake, kujeru suka koma 7,100.

Mutum zai ce ya za a kashe miliyan 60 a rage kujeru? Lissafin ya sauya ne. A 1969 kuɗi na zuwa ne daga yawan kawunan da suka shigo. Yanzu kujera ɗaya ta alfarma a bakin daɓe na iya kawo abin da kujeru da yawa na sama ba za su kawo ba, kuma kyamara na son ɗaki a cike maƙil, gara dubu bakwai ba masaka tsinke da dubu goma rabi wayam. Idan tikiti ya yi wuya kuma mutane kan sayi na kaka guda tun da wuri. Illar ita ce mai ƙaramin ƙarfi da a da zai shigo da 'ya'yansa ya zauna inda ya ga dama lokacin da ba kowa, yanzu da ƙungiyar ta yi kyau shi ne na farko da farashi ke kora.

Ta fuskar wasa kam abin ya yi. Sun kai 'yan huɗun ƙarshe a 2021, a shekarar Big 12 ta gayyace su bayan Texas da Oklahoma sun ce za su fice, suka shiga a 2023, kusan shekara talatin bayan an rufe musu ƙofa. A Afrilun 2025 suka kai wasan ƙarshe a San Antonio, Florida ta ci su 65 da 63, maki biyu kamar na 1983, har yanzu kofin bai zo ba. Lamba 34 ta Olajuwon na rataye a sama tare da 22 ta Drexler da 44 ta Hayes, Lewis kuwa ya rasu a 2015 bai ga sabon ɗakin ba. Tun 2021 aka yarda 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma wata kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma wani ɓangare na wannan kuɗin daga kujeru 7,100 ɗin nan za a neme shi.